Ƙullin Igiyar Mai Rijiya

"Kar ku zubar! Ku ajiye min bututan nan!"

Masu kwashe tarkace suka tsaya cak. Farfesa ta durƙusa a ƙofar ɗakin ajiya.

Shekara ashirin da uku ke nan da haƙo lakar da ke cikin bututan nan daga busasshen tafki. Aikinta shi ne ta duba ƙurar furanni a cikin laka, ta faɗi irin dajin da mutanen dā suka zauna. Ta ƙasa ta girmi ta sama. In jeri ya hautsine, aiki ya mutu.

Mai Rijiya ne ya haƙo mata. Bai iya riƙe biro ba, amma ƙasa ba ta ɓoye masa komai.

"Malamata, ke labari kike tambayar ta, ni ruwa kawai nake roƙo," haka yakan ce, ta yi ta dariya.

Da maganar aurensu ta taso, yayanta ya ce, "Duk karatun nan ki ƙare a gidan mai haƙa rami? Ba da yawuna ba!"

Dakta kuwa, abokin aikinta da ke son ta, ya zuba ido. Sai da sakamako ya fito a birkice ya ce, "Mutuminki ya hautsina bututan. Jahilci ai ba ya ɓuya."

A gaban ɗalibai ta kori Mai Rijiya.

Yau ga igiya a wuyan kowane bututu, ƙulli uku gaba uku, yadda masu rijiya ke auna zurfi. Jerinsa daidai yake! Takardun lamba da aka liƙa wa bututan ne aka sauya, kuma rubutun Dakta ne.

Ta sami Mai Rijiya a bakin sabuwar rijiya, gemu ya yi fari fat.

"Na ƙirga ƙullin..."

"Sai yau? Kai, masu ilimi akwai saurin ganewa."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Na buɗe baki, kika nuna min ƙofa."

Hawaye suka zubo mata.

"Ka yafe min, abin ƙaunata... Ban yi aure ba."

"Na sani. Duk shekara ina tambaya. Ni na yi, Allah ya karɓi abarsa." Ya kakkaɓe hannu. "Yayan naki yana nan?"

"Yana nan. Haƙora dai sun tafi."

"Madalla, babu cizo ke nan. Ki ce masa ranar Asabar zan turo manyana... in an samu wanda ya girme ni."