Takardar Ƙunshe Ƙosan Sakinatu

Ranar da Sakinatu ta fara ganin Hamidou, faratansa ta fara gani kafin fuskarsa. Baƙaƙe ƙirin, tawada ta shige ƙarƙashinsu ta zauna, kuma da hannun nan yake cin burodi. Ta ja mayafi ta toshe hanci, don shagon ɗab'in warin kananzir yake yi da gumi da takarda mai laima.

Mahaifiyarta, Mma Kulsum, ce ta aiko ta. Takardar ƙunshe ƙosai ta ƙare, aka ce akwai shagon buga takardu a bakin titin Agoè da ke zubar da waɗanda suka lalace.

"Sannu da aiki. Wai kuna ba da takardun banza?"

"Ba mu da takardar banza," in ji shi. "Akwai dai masu kuskure."

"To ba ni masu kuskuren. Amma ka wanke hannu tukuna, abinci za a sa a ciki."

Ya wanke. Hannun bai canza ba. Ta karɓi takardun da yatsa biyu ta fita, tana jin dariyarsa a bayanta.

Da ta koma karo na gaba, sai ya nuna mata aikinsa. Wani abokinsa da ke karatu a Turai ya kawo masa faifan kwamfuta, a ciki akwai littafin da ke koyar da aiki da wani shiri na na'ura. Waɗanda suka rubuta shi sun yafe wa kowa ya kwafa, ya buga, ya raba. Shi kuwa yana mai da shi littafin takarda don ɗaliban jami'a, da wani shiri mai suna TeX wanda ke jera layuka ya tsara shafi.

Ta leƙa gilashin kwamfutar, ta ga ƙananan alamomi sun cakuɗe da kalmomi.

"Wannan ai kashin ƙuda ne."

"Jira ki gani, Madam Ƙosai."

Shafi ya fito fari tas, layuka a miƙe kamar sahun salla. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yaba ba, amma ranar ta bar masa ƙosai a kan tebur.

Daga nan sai ta riƙa tarar da saƙo a ƙasan takardar da ke saman ɗauri, an tsara shi da baƙaƙe masu kyau.

"Sakina, yau layi ɗaya ya tsallake gefen shafi, yadda hankalina ke tsallakewa in kin wuce. Layin na gyara shi. Hankalin ya ƙi."

Ta mayar masa da fensir a bayan takarda mai maiƙo: "Tawada, ka daina surutu. Ka ci abinci kuwa?"

Da manyan Hamidou suka zo gaisuwar neman aure, Malam Nata'ala, mahaifinta, ya karɓe su da mutunci, amma bai ba su amsa ba. Mai sayar da takalma ne a kasuwar Assiyéyé. Tun da aka rushe tsohuwar unguwarsu ta Zongo aka kwaso su nan da tabarmi a ka, ba ya son komai ya haɗa shi da hukuma. Ko rediyo ya ambaci siyasa, rage murya yake yi.

"Mai buga takarda a ƙasar nan ƙafarsa ɗaya a kurkuku take," ya ce wa Mma Kulsum. "Ban haifi 'ya don ta riƙa kai tuwo gidan yari ba."

Ana cikin haka bangon littafin ya fito a karkace, ɗauri guda cur. Sakinatu ta kwaso. Ranar Juma'a ce, ƙosai ya yi kasuwa, duk wanda ya fito daga masallaci ya tafi da ƙunshinsa.

Da la'asar Tchakoura ya yi sallama. Ɗan matasan jam'iyya mai mulki ne, ya daɗe yana neman Sakinatu tana kauce masa. Ya zauna kan bencin ƙofar gida kusa da Malam, ita kuma tana bayan ƙyaure tana wankin kasko. Ya cinye ƙosan da ya sayo baki buɗe, ya tsotse yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa.

"Baba, tunda ba ka karatun boko, bari in karanta maka. An rubuta LIBRE. 'Yanci ke nan. Wa ya ɗaure mu da har ake neman 'yanci? Irin takardun zagin gwamnati ne, trak muke ce musu. Kuma duk Zongo an ga hannun da ya raba su."

Malam ya ci gaba da jan tasbaha.

"Amma abin da sauƙi," in ji Tchakoura, yana sakace haƙori da kusurwar takardar. "Matar ɗan jam'iyya ba a kiranta tambaya."

"Zan yi shawara," in ji Malam.

Da ya tafi, Malam ya dubi kofin da Tchakoura ya sha ruwa da shi, ga tambarin mai a bakinsa.

"Sakinatu, wanke wannan da toka." Ta miƙa hannu, sai ya ce, "A'a. Jefar da shi."

Ta jefar. Amma ta san tsoro na iya sa mahaifinta ya miƙa ta ga mutumin da yake ƙyamar kofinsa.

Ba ta tsaya neman izini ba, ta nufi shagon. Ta jefa wa Hamidou bangon a ƙirji.

"Da hannuna ka raba takardunka? Shi ya sa kake ta daɗin baki?"

"Sakina, kalmar nufinta kowa na da izinin kwafa. Ni na sa ta a bango don ɗalibai su sani."

"Je ka faɗa wa 'yan sandan jandarma haka. Ni dai an ce ko kurkuku, ko ɗakin Tchakoura, kuma ban san wanne ya fi wari ba."

Ya tsince bangon ya ajiye kan tebur. Sannan ya tattara faifan da littafin a jaka, ya rufe shago.

"Ina za ka?"

"Inda kika ce."

Ya kai kansa ofishin jandarma kafin a zo nemansa. Ya ce takardun nasa ne, yarinyar ba ta san komai ba sai ƙunshe ƙosai. Suka tsare shi. Kwanaki suka wuce yana tsare. Tchakoura ya zo jin shawara, Malam ya aika a ce masa yana banɗaki, kuma bai fito ba har ya gaji ya tafi.

A ƙarshe aka kira wani malamin jami'a ya karanta littafin daga fari har ƙarshe, bai sami komai ba sai yadda ake ba na'ura umarni. Aka saki Hamidou.

Kai tsaye gidan Malam ya zo. An aske masa kai, kuɗin cizo sun yi masa zane a wuya, warin bokitin ɗakin tsaro na bin sa tun daga nesa. Malam ya kau da kai ya tofar da yawu.

"Kulsum, a kai masa ruwa da sabulu. A ba shi farar rigata. Waɗannan tsummokaran a ƙone su."

Da ya fito wanka suka zauna. Sakinatu na bayan ƙyaure.

"Wa ya ce ka kai kanka?" in ji Malam.

"Sunanta za a rubuta, Baba. Gara nawa."

Malam ya ce, "Su masu littafin, me suke samu?"

"Ba komai. Sharaɗinsu dai kada a cire shafin da suka ba da izini, don wanda ya karɓa shi ma ya iya ba wani."

"Ashe waƙafi ne. Kamar rijiyar masallaci." Ya gyara zama. "To shafinsu amana ne, bar musu abinsu. Amma ƙatuwar kalmar nan ta bango, kai ka sa ta da rawar kanka. Cire ta. Rubuta SADAKA. Ban taɓa jin an kama mutum don sadaka ba."

"To, Baba."

"Ka turo manyanka. Kuma ka ƙara wanka, har yanzu da saura."

A bakin ƙofa Hamidou ya ci karo da ita. Ta sunkuyar da kai.

"Na zarge ka, Tawadata. Ka yafe mini."

"Na yafe tun ina ciki. Can na gane ƙosan Mma ba shi da na biyu a duniya."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Littafin ma ya fito da sabon bangonsa, ɗalibai, da yake ba yarensu ba ne, na ta tambayar ma'anar kalmar. Da za a kai amarya, Malam Nata'ala ya dafa kanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Allah ya tsare ku daga sharrin mai sharri, ya rufe ku daga idon hukuma."

Mata suka amsa da amin. Sai ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Duk abin da zai buga, ki kawo mini in gani tukuna."

"Baba, ai ba ka karatun boko."

"Na sani," in ji shi. "Ki dai kawo."