Auta da Ɗakin da Ke Amsawa

Tun da suka koma sabon gida, Auta ba ta da abokiyar wasa. Yayarta tana makarantar kwana. Abba direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai dawo ba. Umma kuwa kullum tana kan keken ɗinki. Kaɗaici ya ishi Auta.

Wata rana Umma ta cire labule da kafet na ɗakin Auta, ta wanke. Ɗakin babba ne, sai ya zama wayam.

Auta ta shiga ta ce, "Ba kowa sai ni."

Ɗakin ya ce, "Ni."

Daɗi ya kama Auta. Yau ta samu mai amsa mata. Da kayan suka bushe, ta naɗe su ta tura bayan buhuna a sito.

Umma ta ce, "Kin mayar da labulen?"

"Na mayar, Umma." Ƙarya ta yi, ko idonta bai ƙifta ba.

Kullum in ta dawo makaranta, sai ta rufe ƙofa ta yi ta hira da bango. Hirar dai ba ta da armashi, tunda duk abin da ta ce shi ake maimaita mata. Amma da babu gara ba daɗi.

Ran nan Abba ya aiko saƙo a wayar Umma. "Auta, ina kewar muryarki. Rera mini waƙar makarantarku. Gobe zan shiga inda babu sabis."

Auta ta ruga ɗakinta, ta rera, ta tura.

Can sai amsa ta zo. "'Yata, cikin rijiya kika faɗa ne? Ban gane ko kalma ɗaya ba."

Auta ta fashe da kuka. Umma ta leƙo, ta ga bango tsirara, ƙasa tsirara.

"Ina labulen?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Na ɓoye, Umma. Ɗakin ne kaɗai yake kula ni."

Umma ta shigo. Ta zauna kusa da ita.

"Wannan amsa-kuwwa ce, Auta. Murya ce ke bugun bango ta dawo. Abu mai laushi shi yake shanye ta. Tashi mu ɗauko."

Suka shimfiɗa kafet, suka rataya labule, suka jera matasan kai. Auta ta sake rerawa, Umma na yi mata amshi, suka tura wa Abba.

Ba a jima ba Abba ya kira, yana dariya. "Yanzu na ji ki tangaran. Wa ya koya miki wannan?"

Suka daɗe suna hira. Washegari Umma ta dawo da kekenta ɗakin Auta.

Daga ranar Auta ta gane, in kaɗaici ya dame ka, faɗa wa naka gaskiya. Bango ba ya hira, mutum ne yake yi.