Malamar Rumfa da Mai Tankar Ruwa

Da faɗa Fidencio da Hermelinda suka soma. Ya shigo unguwarmu da tankar ruwa, can bayan gonakin tumatir na San Quintín inda babu famfo balle makaranta. Yana jan tiyo sai ya kuɓuce masa, ruwa ya malale inda yara suka yi rubutu da tsinke.

Wata budurwa ta fito daga rumfar leda, hannu a ƙugu.

"Kai mai tanka, ka san allonmu ka wanke?"

"Allo? Ni ƙasa nake gani."

"To ita muke da ita."

Ya dubi yaran zaune a kan kifaffun bokitan tumatir, sannan ya dube ta.

Hermelinda kaɗai ce ta gama sakandare a unguwar. Da safe tana tsinkar tumatir, da yamma ta tara 'ya'yan leburorin da suka zo daga duwatsun Oaxaca, tana koya musu karatu da Sifaniyanci da yarenmu na Mixteco.

Da ya dawo kawo ruwa, sai ga shi da murfin tsohon firij ya shafe shi da baƙin fenti, da kwalin alli. Wurin wata maƙwabciya ya samo lambar wayarta, ya tura mata saƙo.

"Malama, an yafe min?"

"An yafe rabi. Yara ba su da fensir."

Haka ya riƙa sayen yafiya har ta koma "Meli tawa", shi kuma "Sarkin ɓarna".

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Don Cirilo ya ce bai san zancen ba.

"Ɗan jihar Sinaloa? Ko gaisuwa bai iya da yarenmu ba. Ga Rutilio ɗan garinmu, shugaban leburori, a filinsa ma kika kafa rumfarki."

"Baba, maganarka tana da girma a wurina. Amma ba na son Rutilio, kuma na faɗa masa."

Wata yamma ta iso ta tarar da filin fayau, babu rumfa babu allo, yara sun yi cirko-cirko. Rutilio yana jingine da motarsa yana murmushi.

"Mai tankarki ne ya kwashe, da idona na gani. Ai baƙo ke nan."

Ta ciro waya ta rubuta wa Fidencio: "Idan ni ka gaji da ni, su yaran me suka yi maka? Kada ka ƙara nemana."

Nan take amsa ta shigo: "Meli tawa, kwaso su ki bi hanyar rijiya har ƙarshe. In kin iso ki zage ni a gabansu."

Ta tafi a fusace, yara na biye. A ƙarshen hanyar ta tsaya cak. Ɗaki ne na katako da rufin kwano, da bencina, ga allon a rataye. Yaran suka ruga ciki suna rigimar wurin zama.

Fidencio ya sauko daga tsani. "Na jima ina gina shi a ɓoye. Da safe Rutilio ya rantse min yau zai bi ta kan rumfar da mota, shi ya sa na riga shi."

"Amma nan ne filin da za ka gina gidanka."

"Ya ishi aji da gida. Matar gidan nake jira ta amsa."

Ta goge ido da gefen gyalenta. "Ka faɗa min tun da safe mana, Sarkin ɓarna! Matar gidan ta amsa. Saura Baba."

Ashe ya shirya wa wannan ma. Tun tuni yake zuwa wurin Kaka Eufrosina, wadda ta haifi mahaifiyar Meli, yana sussuka mata masara tana koya masa yare.

Ranar tambaya ya zo da wani dattijo, da burodi da kyandirori. Ya cire hula, ya yi jawabinsa da Mixteco yana gumi.

Don Cirilo ya ce, "Yaro, yadda ka furta ɗin nan, kaza ka zo nema."

Kaka ta buga sandarta a ƙasa. "Kai da ka zo neman uwarta, da yaren naka ma kasa magana ka yi!"

Dariya ta ƙwace wa Don Cirilo har da riƙe ciki. Da ya natsu ya ce, "Na je na ga ɗakin. Ƙusa ko ɗaya ba ta karkace ba. Na ba ka, ɗana."

Bayan ɗibar tumatir aka ɗaura aure a coci. Suka durƙusa a kan tabarma, Kaka ta dafa kawunansu.

"Allah ya sa ku tsufa tare, ya cika muku gida da 'ya'ya, naku da na mutane."

Aka ci mole, miyarmu ta biki, har aka ture. Da makaɗa suka ɗauko, Don Cirilo ya sungumi talotalon biki, ya ɗaga shi sama kamar yadda al'adarmu take, ya shiga fili yana juyi.

Meli ta matse hannun angonta. "Tunda Inna ta rasu ban ga ya yi rawa ba."

"To me muke jira?" in ji Fidencio, ya ja ta suka bi bayan tsohon.