Injin da ke Ƙarƙashin Murfi

A wani gari mai nisa an yi wata yarinya da kawunta ya kawo wa tsarabar ƙaramar mota, irin wadda ake harhaɗawa da hannu. Tayoyin ba su fi maɓalli ba, kayan injin kuwa kamar ƙwayar shinkafa. Ta daɗe tana kallonsu, tana tsoron numfashinta ya watsar da su. Ta ƙudura za ta haɗa ta ba kakanta, tsohon direba wanda ya makance.

Ta samo matsefata da gam. Ta ɗauka, ta duba, ta liƙa.

Yayanta ya ce, “Gobe Kaka zai koma ƙauye. Bar injin nan, ki rufe murfi ki shafa fenti. Wa zai gani?”

Ta ce, “Yaya, mota ba inji ai akwati ce.”

Wuyanta ya ƙage, idonta na ruwa. Ta ɗauka, ta duba, ta liƙa. Injin ya kammalu, amma lokacin fenti ya ƙure.

Washegari ta miƙa motar a kunyace. Kaka ya shafa ta, ya ɗaga murfin da farce. Sai yatsansa ya tsaya cak.

Ya ce a hankali, “Ga fanka. Ga lagireto. Har da fulogi.” Sannan ya ce, “Ikon Allah. Rabona da taɓa inji tun ina da ido, yau ga shi duka a kan yatsana.”

Ya sa motar a aljihun ƙirji, bai yarda kowa ya riƙe masa ba.