Fuskar Nkiruka a Jikin Akwati

Tun da Nkiruka ta rasu, mijinta Tochukwu, baban 'yarsu Uju, mai haɗa kwamfuta a bakin kasuwar Zuru, bai ƙara taɓa aikin kowa ba. Akwatin kwamfuta ɗaya ya sa a gaba, na roba garai-garai kamar gilashi, yana zana fuskarta da tsinin ƙarfe, yadda in fitilun gefe suka kama, zanen zai haska. Matan layinmu suka ce ya zautu. Na ce su ma Allah ya ba su mai zaucewa dominsu.

Ran da ya gama, bayan isha'i, ya kunna. Shuɗin haske ya cika shagon. Sai ga wata mata tsaye ciki, bai ji buɗe ƙofa ba.

"Mun tashi, madam," ya ce, bai ɗago ba.

"Tabon a kuncin hagu yake, Baban Uju. Ta bayan robar ka zana, shi ya sa ya juye."

Ya ɗago a hankali. Hasken na ratsa jikinta yana sauka kan ƙyaure. Ya nemi kuncinta na hagu, hawaye suka hana shi gani.