Baƙin Bushi a Motar Likita

Ranar Litinin da safe, Sufeto bai ko ajiye hularsa ba Saje ya tare shi a bakin kanta da fayil a hannu.

"Yallaɓai, haɗari ne. Wani likitan haƙori mai ritaya ya zo shan kwana jiya da hantsi, mota ta ƙi bin sitiyari, ta rungumi turken lantarki. Ƙafa ta karye, da haƙarƙari biyu. Oga ya sa an kamo bakaniken likitan tun jiya, yana bayan kanta."

"An yi bincike ne aka kamo shi?"

"Likitan ne ke duba haƙoran Oga," in ji Saje, yana kallon silin. "An ce jibi Laraba a kai bakaniken kotu."

Sufeto ya ja tsaki. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, ba abin da ke ƙona masa rai kamar a fara kama mutum, sannan a tura shi neman laifin da za a rataya masa. Ya mayar da hularsa ya nufi asibiti.

Ya tarar da Likita a gado, an ɗage ƙafar sama cikin filasta, amma bakin nan lafiya lau.

"Ranka ya daɗe, me ya faru a kwanar?"

"Kafin nan, ka san bushi?"

"Ban sani ba. Kwanar nake tambaya."

"To ba za ka gane komai ba." Likita ya gyara kwanciya. "Motata ta tsere ce, mai kujera biyu, shekararta hamsin. Duk inda ƙarfen da ke riƙe da taya ya haɗu da jikin mota, akwai wani zobe mai kauri da ake cusawa a tsakani, don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Shi ne bushi. Na da baƙar roba ce mai laushi, tana shanye gargada, amma tana ruɓewa. Na zamani foliyuritan ne, wani irin fulastik, ja, mai tauri. Ba ya ruɓewa, mai ba ya cin sa, mota ta kama titi kamar ƙaska. Mako uku da suka wuce na sa bakanikena Bahago ya sa min jajaye. Ga sakamakon."

Minti arba'in Sufeto na zaune yana shan karatu. Sau uku yana buɗe baki, sau uku Likita na ɗaga masa yatsa. Sai da nas ta shigo da allura ya samu ya jefa tambaya.

"Ba su da wani aibu, jajayen?"

"Ɗan ƙara ne kawai. Ƙiƙi-ƙiƙi in an hau gargada. Shi ma jiya ya daina, shiru kake ji. Na ce giris ne ya ratsa su kwana huɗun da na yi tafiya."

"Ka yi tafiya?"

"Taron tsofaffin ɗalibai. Asabar na dawo."

Sufeto ya rubuta wannan, ya fita kafin a koma kan giris.

Bahago mutum ne mai shekara arba'in da 'yan kai, dogo, baƙin mai ya zauna a layin tafin hannunsa. Ya kwana a ƙasan siminti, idonsa ya yi ja.

"Yallaɓai, jajaye takwas na sa, sababbi daga kwali. Na shafa giris, na ɗaure kowane noti da sifana mai awo. In aka kai ni kotu, ko an sake ni, wa zai ƙara kawo min mota? Garejin nan shi ne cina da shana, da ni da 'ya'ya biyar."

"Za mu gani," in ji Sufeto. Ya san mutumin gaskiya ya faɗa game da garejin. Bakaniken da aka ce aikinsa ya karya mutum ya gama sana'a.

An ja motar zuwa filin bayan ofis. Injiniya, matar da ke duba motocin haɗari, ta riga ta shige ƙarƙashinta, takalmanta kawai ake gani.

"Sufeto, wa ya ce maka jajaye ne? Sunkuyo."

Ya sunkuya, gwiwarsa ta yi ƙara. Ta haska masa tocila. Bushin baƙaƙe ne. Na gaba ta dama ya farfashe, ta sa yatsa ta taɓa, ya zubo kamar gawayi.

"Wannan ne ya saki taya," in ji ta. "Amma aikin kansa ba na wasa ba ne. Robar nan sai an sauke mota ta tsaya da ƙafarta ake ƙarasa ɗaure ta, kuma haka aka yi. Duba nan ma."

A kan kowane noti akwai ɗigon farin fenti, ƙarami, tsaf, a gefe guda. Sufeto ya ɗauki hoto da wayarsa ya koma ciki.

Bahago ya karɓi wayar yana cewa, "Wallahi ba ni na..." Sai ya ƙara girman hoton da yatsunsa, ya daɗe yana kallo, ya miƙo wayar.

"Ni na sa su."

"Ɗazu ka rantse jajaye ka sa."

"Na manta ne."

"A ina ka sayi baƙaƙen?"

"Na manta."

"Kai, ni za ka raina wa hankali? Tun safe nake yawo in fitar da kai, kai kana rufe ƙofa ta ciki?"

Bahago ya sunkuyar da kai. "A rubuta, in sa hannu."

Sufeto ya sha ganin masu laifi da ke musu, har sun gundure shi. Marar laifin da ke naci a ɗaure shi ya fi su ban haushi. Ya hana Saje rubuta ko harafi ɗaya, suka hau mota sai garejin Bahago.

Motoci shida ne a ciki. Sufeto ya sa Saje ya shiga ƙarƙashin kowace, farar rigarsa ta tashi daga aiki. Babu ɗigon fenti ko ɗaya. Mai gyaran jikin mota da ke maƙwabtaka da garejin ya leƙo, aka nuna masa hoton, ya yi dariya.

"Wannan ai hannun Baba Sifana ne. Duk notin da ya ɗaure sai ya ɗiga masa fari da tsinken ashana. Shi ya koya wa Bahago aiki tun ba shi da gemu, shekara goma sha biyu a hannunsa, har aure shi ya yi masa. Shi ke kula da motar Likita da, suka ɓata a kan bushin nan. Baba ya ce ba zai sa wa motar arziki fulastik ba, Likita ya ɗauke motarsa."

Washegari Talata Sufeto ya buga ƙofar gidan Likita. Matar Likita ta buɗe, dattijuwa mai fara'a, hannunta ɗaya dafe da ƙugu.

"Ranki ya daɗe, wa ya shiga garejin gidan nan da maigida ba ya nan?"

"Ba kowa. Makullin na cikin jakata."

"Mu leƙa."

Garejin a share yake, har an yi masa mofa. Amma a bakin ƙofa, inda mofa ba ta kai ba, ga tsinken ashana da busasshen farin fenti a kansa. Sufeto ya ɗauka ya riƙe a gabanta. Ta nemi kujera ta zauna a hankali.

"Ɗana, ka taɓa zama a motar nan tun da aka sa jajayen? Ko tsakuwa aka taka sai na ji ta a ƙashin bayana. Duk Lahadi sai ya ce in shiga mu zaga. Na ce masa bayana, ya ce min motar ta fi kama hanya. Shekara talatin da shida ina aurensa, ban taɓa ganin ya janye magana ba. Da ya yi tafiya na kira Baba, na ce ya mayar min da motar yadda take."

"Amma shekaranjiya Lahadi ba ki shiga motar ba."

"Bayan ne ya hana ni tashi."

"Kin san akwai mutum a rufe kwana biyu saboda wannan?"

Ta kau da kai. "Na sani. Na rasa ta inda zan fara gaya wa Likita."

Sufeto ya haɗiye abin da ya zo masa baki, don ta isa ta haife shi. Ya karɓi kwatancen gidan Baba kawai.

Baba Sifana na zaune a rumfar bayan gidansa, yana goge sifanu ɗaya bayan ɗaya yana jera su bisa girma. Ya haura saba'in, gajere, tabarau a ƙarshen hanci.

"Baba, barka da hutawa. Yaushe rabonka da motar Likita?"

"Wata biyu. Tun da ya koma wa 'yan fulastik."

"Ba ka je gidansa makon jiya ba?"

"Me na ajiye a can?"

Sufeto ya jingina da teburin aikin, ya ji bai motsa ba ko kaɗan, alhali ƙasan rumfar duk tudu da kwari ne. Ya duba ƙasa. A ƙarƙashin kowace ƙafar tebur an saka jan zobe mai kauri.

"Waɗannan fa?"

Baba ya kalli ƙafafun teburin, ya kalli Sufeto, ya cire tabarau.

"Aikin da ya dace da su kenan," in ji shi. "To, ni na canza. Baiwar Allah ta kira ni tana kuka da bayanta. Na sa wa motar abin da masu ƙera ta suka sa mata. Ba jabu ba, ba na kasuwa ba. Na kamfani, tun shekarar da aka yi motar, cikin takardarsu." Ya jawo wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin benci ya buɗe da alfahari. Saura huɗu a ciki, kowanne a naɗe da takarda mai maiƙo, baƙi wuluk, yana sheƙi. "Shekara arba'in da shida ina ajiye da su. Da tsohuwar zuma ake magani, yaro. Likita ne bai iya tuƙi ba. Tun yana saurayi yake shiga kwana kamar ana korarsa."

"Shi ya sa ka yi shiru?"

"Ba laifin bushina ba ne, me zan ce? Bahago kuma za su sake shi, ai ba abin da ya yi."

Sufeto ya ji kansa ya fara sarawa. Kwana biyu ana yi masa wa'azin roba da fulastik, kowa na da gaskiya, mutum kuma na kwance a siminti. Ya zaro ɗaya daga gwangwanin, ya warware takardar, ya ɗora a tafin hannun tsohon.

"Ni ban san mota ba, Baba. Kai ka ce roba laushi gare ta. Matsa min wannan in gani."

Baba ya yi murmushin mai shirin kunyata yaro. Ya sa bushin a bakin matsi na kan tebur, ya juya hannun sau ɗaya, sau biyu. A na uku aka ji ƙas. Robar ta tsage gida uku, gari ya zubo a kan tebur.

Ya ɗauki na biyu da sauri ya matsa. Haka. Bai ɗauki na uku ba. Ya tsaya yana murza garin tsakanin yatsunsa.

"Daga waje lafiya suke," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Na duba su. Ban matsa ba. Na kamfani ne, ban ga dalilin matsawa ba."

"Ba za su saki Bahago ba," in ji Sufeto. "Ya ga farin ɗigonka a hoto, ya ce shi ya yi aikin. Tun jiya yake roƙo a ba shi takarda ya sa hannu. Gobe kotu."

Tsohon ya dafa tebur. Sannan ya rufe gwangwanin, ya miƙa wa Saje da kansa.

"Ni na yi. Ni na karya Likita, ni na bar yarona a rufe. Ku rubuta yadda na faɗa."

Saje ya ciro ankwa, Sufeto ya harare shi, ya mayar.

La'asar ta yi lokacin da suka isa ofis. An fito da Bahago, ana miƙa masa wayarsa da makullan gareji, sai ga Baba a bakin kanta. Bahago ya juyo ya kalli Sufeto da idon da ba godiya a ciki.

"Yallaɓai, ai na ce ni ne."

"Ka ce. Ɗauki kayanka ka tafi gida."

Kurtun da ke kanta ya buɗe littafi ya ce wa tsohon ya cire agogo da bel da igiyar takalmi. Baba ya cire agogo. Ya sunkuya zai kwance takalmi, ya kasa kama igiyar.

Bahago ya ajiye makullansa, ya durƙusa a gabansa, ya kwance masa ɗaya, ya kwance ɗaya.

"Sannu, Baba."

"Tashi," in ji tsohon, bai dube shi ba. "Kana da motocin mutane shida suna jiranka."

Kurtu ya kama hannun Baba ya shige da shi. Bahago ya bi su da kallo har ƙofar ƙarfen ta rufu, sannan ya je ya zauna a bencin masu jira, igiyoyin takalmin a hannunsa. Sau biyu Sufeto na fitowa yana ce masa ya tafi gida, bai tashi ba.