Hannun da Ya Ɗaura Boris

Ranar Litinin ta farko a watan Mayun 2012, Relja, malamin makaranta a garin Kragujevac na ƙasar Sabiya, ya tsaya ƙofar garejin Svetozar da motar kakansa ƙirar 1968. Wata budurwa mai ɗauke da tiren kofi ta karkata kai.

"Malam, boris ɗin tayarka ta baya ya mutu. Tun daga kwana nake jin kukansa."

Dunja ke nan, 'yar mai garejin. Relja ya yi ta ɗage gyaran don ya samu dalilin dawowa.

Da maganar aure ta kai gaban Svetozar, sai ya ce makaniki zai ba 'yarsa, wanda zai gaji garejin, kuma ya riga ya zaɓi Vukašin, ɗan amininsa.

"Mai alli a hannu?" Ya dubi Relja. "Je ka sake boris ɗin nan da kanka kafin Asabar, sannan mu yi magana."

Boris ɗin, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ba ya fita sai da wani ƙarfen zarewa da Svetozar ya ƙera a 1974, bai kuwa taɓa ba kowa aronsa ba. Ranar Juma'a Dunja ta ɓoye shi a jaka, ta kai gidan Relja. Ita ta yi aikin duka, Relja yana miƙa mata sifana. Bayan ta koma gida ta aiko masa da saƙo:

"Sanyin idona, gobe ka ce kai ka yi. Ina roƙonka."

Ranar Asabar Svetozar ya ɗaga motar da jak, ya juya tayar, ya kara kunne. Shiru. Vukašin, da ke tsaye a gefe, ya daina murmushi.

"Ba a taɓa wannan da guduma ba," in ji dattijon. "Idan hannunka ne, Dunja taka ce. Hannun wa?"

Dunja ta runtse ido. Relja ya girgiza kai.

"Nata ne, Baba. Ni ko sifana sai da ta nuna mini."

Svetozar ya daɗe yana duban 'yarsa, wadda shekara ashirin yana hana ta taɓa ƙarfe.

"Wa ya koya miki?"

"Kai. Ina kawo kofi, ina kallo."

Dattijon ya share hannunsa da tsumma, ya sake sharewa.

"Ashe garejin ya samu magaji tuntuni. Kai kuwa, malam, ba ka iya ƙarya ba. Ka turo manyanka."

An ɗaura aure a watan Oktoba. Svetozar ya aza hannu a kawunansu.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya, 'ya'yana."